Ku Tambaya Mu Amsa: hannun jarin kamfanin kifi ya faɗi warwas, in ƙara saye ko in tsere?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah shawara nake nema. Shekara biyu kenan na sayi hannun jari a wani kamfanin kiwon kifi, lokacin kowa yabonsu yake ana cewa nan gaba duk kifin da duniya zata ci daga gona zai fito, to wlh tun daga lokacin abin ƙasa yake yi, abin da na saya a 100 yanzu bai wuce 20 ba, sun yi asarar kifi sau biyu sannan ga bashin banki a kansu, yanzu kuma wani abokina yana ta ce min wai wannan ne lokacin ƙara saye tunda yayi arha idan ya tashi zan maida kuɗina har da riba, ni kuma zuciyata ta rabu biyu bana ko iya barci sosai. Mene ne abin yi? Daga wani mai karatunku.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka damuwa Ya mayar da alheri. Na karanta wasiƙarka har sau uku, kuma maganar rashin barcin nan ita ta fi tsaya min a rai, zan dawo kanta.

Abin da aka faɗa maka da farko ba ƙarya bane. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022 kifi da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata sun kai tan miliyan 94.4, kashi 51 cikin 100 kenan, karo na farko da kiwo ya zarce kamun da ake yi a teku da koguna. To sana'ar tana da gaba, wannan babu musu. Sai dai fa kai ba sana'ar ka saya ba, kamfani ɗaya ka saya, kuma sana'a tana iya bunƙasa alhali kamfanoni da yawa a cikinta suna mutuwa. Har ma abin da ya fi wannan ciwo, kamfanin kansa yana iya rayuwa, kifinsa ya ci gaba da fita kasuwa, amma kai mai tsohon hannun jari a wayi gari baka da komai a ciki. Nan ne mutane da yawa basa kallo, kuma a nan nake so mu daɗe.

Mu fara da maganar arha. Abin da ya sauko daga 100 zuwa 20 ya faɗi da kashi 80, abokinka gani yake ai saura kaɗan ya taɓa ƙasa, ina kuma zai je. To daga 20 zuwa 4 ma wani kashi 80 ɗin ne cif, wanda ya saya a 20 zai ji zafin da kai ka ji daidai wa daida. Sannan kafin kuɗinka su dawo sai farashin ya ninka sau biyar, ba wai ya ƙaru da kashi 80 ba. Tsohon farashin nan na 100 babu wani alkawari da ya yi maka cewa zai dawo, kasuwa bata san a nawa ka saya ba. Ruwa baya tsami banza, masu sayarwa a 20 ɗin nan akwai manyan masu kuɗi a cikinsu da suke da ma'aikatan da aikinsu kenan karanta lissafin kamfani, sai ka tambayi kanka me ka sani wanda su basu sani ba.

Abin da ya raba kamfanin kifi da sauran kamfanoni shi ne kayansa mai rai ne. Mai masana'antar takalmi idan kasuwa ta yi sanyi zai kashe inji ya rufe ƙofa ya jira, takalmin yana nan a sito. Kifi kuwa kullum sai ya ci, kullum sai an ba shi iska, ko akwai kuɗi ko babu, kuma abincin nan shi kaɗai yakan cinye rabin kuɗin kiwo ko fiye. Kifin salmon, wanda yawancin manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari shi suke kiwo, yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku daga ƙwai zuwa girbi, duk tsawon lokacin nan kuɗi fita kawai suke babu abin da yake shigowa daga wannan rukunin. Shi ya sa idan kifi ya mutu ana saura wata uku a girbe ba kifin kaɗai aka rasa ba, an rasa duk abincin da ya ci na shekara biyu, da wutar da aka ƙona, da albashin da aka biya, sannan sai a koma farko da bashin jiya a wuya.

Na taɓa kwana a wata gonar kifi ta tankuna, da asuba na ga wani ma'aikaci yana zagayawa da ɗan koma mai dogon hannu yana tsamo waɗanda suka mutu cikin dare, yana ƙirgawa yana rubutawa a wani littafi da duk ya jiƙe gefensa ya kumbura, tanki na ɗaya guda kaza, na biyu guda kaza. Muna tsaye famfon iskar wani tanki ya tsaya, kafin a tada na biyu na ga kifayen sun taso sama gaba ɗaya suna buɗe baki suna rufewa, mutumin nan ya yar da komai ya ruga a guje. Ba a fi 'yan mintuna ba aka gyara, amma tun ranar na gane cewa wannan jiƙaƙƙen littafin ya fi duk wata takarda mai ƙyalli da kamfani yake rabawa masu zuba jari faɗin gaskiya. Don haka tambaya ta farko da zaka nema wa amsa a rahotonsu ita ce kashi nawa na kifinsu ke mutuwa kafin girbi, kuma adadin raguwa yake ko ƙaruwa.

Ka ce sun yi asarar kifi sau biyu. To wace iri ce? Domin akwai wadda ta faɗo wa kowa, akwai kuma wadda ta gida ce. A 2007 wata cuta da ake kira ISA ta shiga gonakin salmon na ƙasar Cile, cikin shekara uku abin da suke fitarwa na salmon ɗin Atlantika ya faɗi da fiye da rabi. A 2016 gansakuka mai guba ta bazu a ruwan ƙasar ta kashe kifi sama da miliyan 20, a watan Mayun 2019 irin haka ta faru a arewacin Norway aka rasa kusan miliyan 8. Wannan kaddara ce ta yanki guda, kamfanin da yake da kuɗi a ajiye kuma gonakinsa suna warwatse a wurare daban daban yakan sha wuya ya miƙe, wani lokacin ma ya ci riba daga baya saboda kifi ya yi ƙaranci farashi ya hau. Amma idan maƙwabtansu lafiya lau suke girbi su kaɗai ne kullum da labari, yau famfo, gobe matatar ruwa, jibi ruwa ya yi zafi, to matsalar ba ta sama bace, a cikin ginin take ko a kan masu gudanarwa.

Misalin da ya fi kama da naka shi ne Atlantic Sapphire, kamfanin da ya gina katafariyar gonar salmon a kan tudu a jihar Florida ta Amurka, hannun jarinsa kuma aka sa shi a kasuwar Oslo, babban birnin Norway. Tunanin mai kyau ne wlh, a kiwata kifin kusa da masu cinsa maimakon a ɗauko shi a jirgin sama daga Norway ko Cile. A watan Maris na 2021 suka rasa kifi kusan 500,000 a Florida, a watan Satumba na shekarar gobara ta cinye gonarsu ta Denmak, a 2023 kuma zafin ruwa ya hana kifin girma yadda aka tsara. Duk lokacin da kuɗi suka ƙare sai su fitar da sabbin hannayen jari a farashi mai rahusa, a haka a haka farashin ya zube da fiye da kashi 99 daga inda ya kai a 2021. Mutane nawa ne suka ƙara saye a hanya suna cewa ai yanzu kam ya yi arha?

Fitar da sabbin hannayen jarin nan shi ne abin da nake so ka fahimta sosai, don shi ne yake yanka ƙananan masu jari a ɓoye. A ce kamfani an raba shi gida 100 kai kana da 10, kashi 10 kenan naka. Kuɗin abincin kifi suka ƙare, banki ya ce ba zai ƙara ko sisi ba sai masu kamfani sun zuba nasu, sai aka buga sabbin hannaye 400 aka sayar da araha. Yanzu gida 500 ne, kai kana nan da 10 ɗinka babu wanda ya taɓa maka, amma kashi 2 kake da shi. Ko da kamfanin ya warke ya dawo yana cin ribar da aka yi mafarki, rabonka ya ragu sau biyar. Za su ce maka kana da damar sayen sabbin kafin kowa, haka ne, amma ma'anarsa ka sake ciro kuɗi daga aljihu don kawai ka tsaya inda kake. Kuma idan ka ga sun haɗe hannaye 20 sun maida su 1 farashi ya yi tsalle a allo kada ka yi murna, babu abin da ya ƙaru, AquaBounty, wani kamfanin kiwon salmon na Amurka, sun yi haka a watan Oktoban 2023 bayan sun dakatar da ginin gonarsu ta Ohio da kuɗin aikinta ya ninka fiye da sau biyu, a Disambar 2024 kuma suka daina kiwon kifin gaba ɗaya.

To ga lissafin da zaka yi da kanka yau da daddare, baya buƙatar digiri. Ka buɗe rahotonsu na ƙarshe, ka tsallake hotuna da jawabin shugaba, ka nemo tsabar kuɗin da ke hannunsu. Ka duba nawa suka ƙona a wata uku ko shida da suka wuce, ka raba ka ga wata nawa kuɗin za su kai su. Sai ka duba yaushe ne babban girbi na gaba. Idan kuɗin wata biyar ne girbi kuma sai nan da wata goma sha biyu, to akwai ramin wata bakwai a tsakani kuma dole wani ya cike shi, ko banki da sharuɗɗa masu tsauri ko ku masu jari. Daga nan ka duba bashin, yaushe ne wa'adin biya, kuma shin sun karya sharuɗɗan da suka yi da banki har sun roƙi a ɗaga musu ƙafa. Sannan ka karanta shafin odita, wato mai binciken lissafin kamfani daga waje, idan ka ga ya rubuta cewa akwai babban shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki, wannan ba ado bane, odita baya rubuta haka da wasa.

Wani abu kuma, ka nemi kuɗin da suke kashewa kan kowane kilo ɗaya na kifi ka gwada da farashin da suke sayar da kilon. Idan kowane kilo a kan asara yake fita, ƙara yawan kifi ƙara yawan asara ne, sai dai in sun nuna da lambobi, zango bayan zango, cewa kuɗin kilon yana sauka. Alkawarin baki cewa zai sauka idan an gama faɗaɗa gona kowa ma zai iya yi.

Akwai kuma abubuwan da ba a hannunsu suke ba ko da sun iya aiki. A 2023 ƙasar Peru ta soke kakar farko ta kamun ƙananan kifin anchobi saboda ɗumamar teku ta El Nino, da su ake yin garin kifi da man kifi da ake haɗa abinci, sai tsadar man kifi ta bi duniya. A ranar 28 ga Satumba 2022 gwamnatin Norway ta sanar da shirin ƙarin harajin kashi 40 kan ribar kiwon salmon a teku, a yini ɗaya hannun jarin SalMar, wani kamfanin kiwon salmon na ƙasar, ya faɗi da kusan kashi 30, kuma fa wannan lafiyayyen kamfani ne mai riba, daga baya aka tsayar da harajin a kashi 25. Mai ƙarfi yana shanye irin wannan duka, wanda dama yake tangaɗi shi ne yake kifewa.

Yanzu ra'ayina tunda shi ka nema. Ni dai bazan ƙara ko kwabo ba don kawai farashi ya sauko. Ka manta da 100 ɗin nan, ka ɗauka yau aka baka kuɗin da hannun jarinka ya rage a hannu tsaba, ka tambayi kanka tsakani da Allah, da wannan kamfanin zan saya da su? Idan amsar a'a ce to riƙewa ma saye ne, kawai dai baka ji fitar kuɗin ba. Idan kuma bayan lissafin ka ga kuɗinsu zai kai su girbi, mutuwar kifi tana raguwa, banki ya tsawaita musu wa'adi, shugabannin kuma suna saye da kuɗin aljihunsu ba wai kyautar hannun jari ake basu ba, to ana iya riƙewa, har ma a ƙara ɗan abin da in ya tafi baki ɗaya ba zai taɓa cefanen gida ko kuɗin makarantar yara ba. Bashi kuwa kada ka kuskura ka ci don wannan.

Batun barci. Jarin da ya hana ka runtsawa ya fi ƙarfin aljihunka ko da kamfanin na kirki ne, kuma ba dole sai ka zaɓi sayar da duka ko riƙe duka ba, kana iya rage shi zuwa inda hankalinka zai kwanta. Ka zauna da dillali mai lasisi ku duba takardun tare kafin ka taɓa komai, kuma dan Allah ka faɗa wa iyalinka halin da ake ciki, ɗaukar wannan kai kaɗai yana ƙara nauyinsa.

TAMBAYA: Slm Malam barka da ƙoƙari. Ni ma irin kamfanin nan nake son saye, na duba naga kadarorinsu a takarda sun ninka darajar kamfanin a kasuwa har sau uku, to naga ko da sun karye aka sayar da kayan ai zamu samu fiye da abin da muka zuba ko? 'Yar'uwarku mai bibiyar shafin nan.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, madalla da kika buɗe takardun da kanki, da yawa basa yi. Amma a'a, lissafin baya tafiya haka, kuma dalili biyu ne.

Na farko, ki duba mene ne kadarorin. Kaso mai yawa kifin da ke cikin ruwa ne, kuma ƙa'idar lissafin da yawancin kamfanonin nan suke bi ta ce a rubuta darajar kifi mai rai bisa ƙiyasin abin da zai kawo a kasuwa, to ƙiyasi ne, babu wanda ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a sikeli, ana lissafawa ne daga adadin da aka zuba da abincin da aka bayar da samfurin da aka auna, kuma sau da yawa sai ranar girbi ake ganin bambanci. Shi ya sa ma za ki ga kamfani ya nuna riba a takarda saboda darajar kifin cikin ruwa ta hau, alhali ko sisi bai shigo ba. Sauran kadarorin kuma tankuna ne da bututu da keji da injinan tace ruwa, an kashe makudan kuɗi an gina su amma wa zai saya in ba wani mai kiwon kifin ba, shi kuma ya san a matse kuke, zai taya yadda ya ga dama. Kifin da bai kai girman kasuwa ba in aka girbe shi dole saboda babu kuɗin abinci, a wulaƙance ake sayar da shi. Abin da yakan riƙe daraja shi ne lasisin kiwo a wuri mai kyau, a ƙasashen da gwamnati ta taƙaita bayar da shi, wannan kam ki duba ko suna da shi kuma ko an riga an jinginar da shi.

Na biyu, layi ake bi kuma mu masu hannun jari mu ne a ƙarshen layin. Bankin da aka jinginar wa gona shi ne a gaba, ga ma'aikata da haraji, ga masu sayar musu da abincin kifi da suka bada kaya bashi, sai abin da ya rage in ya rage. Ki ɗauki Pescanova na ƙasar Sifen, babban kamfani ne da ya zuba kuɗi sosai a gonakin kifi da jatan lande, a 2013 ya durƙushe aka gano bashin da ke kansa ya ninka abin da yake nunawa a takarda fiye da sau biyu. Kamfanin bai ɓace ba, an sake masa tsari a 2015 da sunan Nueva Pescanova, kayansa suna nan a kantuna, amma bankuna ne suka karɓe kashi 80 aka bar wa tsofaffin masu jari 20, da aka sake ƙara jari a 2017 rabonsu ya koma ƙasa da kashi 2.

To ki cire duk bashin daga kadarorin tukuna, sannan ki rage darajar tankuna da kifin zuwa abin da mai saye na gaggawa zai biya, ki ga ko akwai saura. In kin yi ki turo min lambobin ba tare da sunan kamfanin ba, sai mu duba tare a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.